Baba na Rami da Motar 'Yan Makaranta

Kullum da safe, kafin sauran masu gareji su buɗe rumfunansu, Baba na Rami ya riga ya share raminsa. Dogon rami ne na siminti mai matakala huɗu, wanda ake hawa da mota kansa don a shiga ƙarƙashinta. Zai jera kayan aikinsa a kan katako, kowanne a gurbinsa: ƙaramar guduma, burushin waya, tocila da gwangwanin jan fenti. Sai ya ɗaura tsumma a gwiwarsa ta hagu, ya yi bismilla, ya sauka. Shekara talatin da shida ke nan yana wannan sauka da hawa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin gwiwar ta ce ta gaji, likita kuma ya goyi bayanta. Shi ya sa ya dace a faɗi alherinsa yanzu, tun yana ji da kunnensa.

Aikinsa ba mai ɗaukar ido ba ne. Idan bakanike ya gyara inji, mai mota zai ji ta tashi ya yi murna. Shi Baba shasi yake kula da shi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da duk jikin mota yake zaune a kansu. Yawancin masu zuwa wurinsa direbobin a-kori-kura ne, masu shiga gona da laka, masu ɗaukar takin zamani da ke cin ƙarfe. Tsatsa ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, ba ta kunna wata fitila a gaban direba. Don haka Baba yakan wanke ƙasan mota, ya bar shi ya bushe, sannan ya bi ƙarfen da guduma taƙi bayan taƙi yana saurare. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da kaifi. Wanda tsatsa ta ci ta ciki kuwa amsarsa a dushe take, kamar ka bugi jiƙaƙƙen katako.

Mu malaman makarantar da ke bayan garejin muna da dalilinmu na musamman na gode masa, kuma shi ne zan ba da labarinsa.

Shekara bakwai da suka wuce, muna da yara goma sha tara da suke zuwa daga gidajen gona, can ƙetaren fadama. Da damina babu motar da ta saba bin hanyarsu sai a-kori-kura guda ɗaya. Direbanta ƙanen matar Baba ne, wanda kowa ke kira Yanzu-Yanzu, saboda duk abin da ka tambaye shi, amsarsa ke nan. Da safe ya kawo yara, da rana ya yi jigilar taki, da la'asar ya mayar da su gida. Mutumin kirki ne, sai dai yana da saurin yarda da dabararsa.

Saura kwana goma yaran su zauna jarrabawar ƙarshen shekara, Yanzu-Yanzu ya shigo gareji don a ƙara wa taya iska. Baba yana zaune a bakin rami, sai idonsa ya faɗa ƙasan motar, ya gan shi baƙi wuluk yana sheƙi.

"Wa ya yi mata wannan kwalliya?" in ji Baba.

"Ni da hannuna, mijin Yaya. Na hutar da kai. Kwalta na shafa mata tun bara. Kafofin nan ma da ke jikin shasi, inda ruwa ke shiga, duk na toshe su da roba. Ka ga ba sai ka yi ta wahalar da gwiwarka a kaina ba."

"Ka wanke lakar kafin ka shafa?"

"Ai kwaltar ta rufe komai."

"Hau da ita kan rami."

"Ina da lodi, yanzu-yanzu zan je in dawo."

"Na sani. Hau da ita."

Baba ya sauka da gudumarsa. Daga gaba ƙarfen ya amsa lafiya. Yana isa baya ta hagu, daidai inda sifirin, ƙarfen da ke tare girgizar taya, yake kama shasi, sai amsar ta dushe. Ya sa filaya ya zare roba guda. Jan ruwa mai wari ya tsiyayo, ya bi hannun rigarsa har gwiwar hannu. Ya danna sukudireba a jikin ƙarfen, ta shige ba tare da gardama ba. Ya ɗaga kai ya dubi abin da ke sama da wurin. Bencin katako ne, inda ƙananan yaran suke zama.

"Ƙanena," ya ce daga cikin ramin, "kafofin nan ba don ruwa ya shiga aka yi su ba. Ruwa zai shiga ko ta ina, ko ka so ko ka ƙi. Don ya fita aka yi su. Ka kulle shi a ɗaki shekara guda, ka kuma lulluɓe laka da kwalta don kada ta bushe."

Ya hau, ya zare makullin motar, ya jefa a aljihu.

Mai waldan da ke rumfar kusa ya leƙa ya gani, ya girgiza kai. Shi ne ya ba ni wannan ɓangare na labarin. Ya ce ya gaya wa Baba gaskiya, shasin nan ya mutu, a kira masu sayen tsofaffin ƙarafa kawai. Baba ya san abin da hakan ke nufi. Yanzu-Yanzu ba shi da halin wata mota, yaran kuma za su zauna a gida har damina ta wuce, jarrabawa ta wuce da su. Baba ya koma cikin ramin ya sake bin ƙarfen da guduma, a hankali, yana sa alama da alli.

"Taƙi biyu ne suka ruɓe," ya ce. "Sauran yana amsawa. Ka yanke mini ruɓaɓɓen ka sa sabon ƙarfe, ni kuma zan tsare ragowar. Kwana shida."

"Yaran fa, kafin kwana shidan?" in ji Yanzu-Yanzu.

Baba ya fito daga ramin. Ya wanke hannu, ya bi tashar a-kori-kura yana ɗingishi, ya sami direbobin da ya daɗe yana duba musu mota. Lokacin jigilar taki ne, kowa na sauri, amma babu wanda ya iya kallon idonsa ya ce a'a. Mutum shida suka ɗauki rana ɗai-ɗai ta jigilar yaran.

Kankare kwaltar shi ne ya fi wuya. Kwana uku Baba ya yi a tsaye cikin rami, hannuwa a sama, garin tsatsa yana zubo masa a gemu. A rana ta huɗu mai walda ya gama nasa. Sai sama ta haɗa, aka kwana biyu ana yayyafi ba rana. Ƙarfen ya ɗauki danshi, Baba ya ce ba za a sa fenti ba sai ya bushe. Ya koma tasha ya roƙi ƙarin kwana biyu.

A nan haƙurin Yanzu-Yanzu ya ƙare. Ya wuce gidan yayarsa ya kai ƙara. Da Baba ya dawo cin abincin rana, ya same shi zaune a tsakar gida ya haɗe rai.

"Baban yara," in ji matar, "ƙanenka ya ce ka kama masa mota ka hana shi neman abinci."

"Haka ne."

"Ya ce danshin ma ba a ganinsa da ido."

"Shi ma haka ne. Fenti a kan danshi, abin da ya yi bara ne za mu maimaita, sai dai wannan karon da jan launi."

"Yaya, ki gaya masa mana," in ji Yanzu-Yanzu. "Saura kwana huɗu jarrabawa."

Ta dube shi. "Ni zan gaya masa? Mutumin da ko cokali na wanke sai ya ɗauka ya duba bayansa? Shekara talatin ban canza shi ba, kai za ka canza shi da rana tsaka? Tashi ka ci abinci, ka bi shi ka riƙe masa tocila. Ka toshe da hannunka, ka buɗe da hannunka."

Ya bi shi. Ranar ce Yanzu-Yanzu ya fara sauka cikin ramin, ƙarƙashin motar da ya yi shekara tara yana tuƙawa. Baba ya ba shi guntuwar wayar ƙarfe, ya sa shi ya bi kafofin ɗaya bayan ɗaya yana zaƙulo laka. Da rana ta fito, suka tura motar fili ta sha zafi yini guda. Sannan Baba ya shafa jan fenti, ya jira, ya ƙara shafawa, ya bi da baƙi. Daga ƙarshe ya fesa mai a cikin shasin ta kafofin, ya bar su a buɗe. Ana gobe jarrabawa, bayan azahar, ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa.

"Duk ranar da ka ɗauki taki, ka wanke ƙasanta kafin ka kwanta. Ba gobe ba."

"Yanzu-yanzu," in ji direban, mai walda ya yi dariya har ya zauna.

Yaran goma sha tara duka sun zauna jarrabawarsu.

Baba, kai ne ka tsaya a kan kwana biyun nan na bushewa, alhali kowa yana ganin taurin kai ne. Kai ne ka je roƙo sau biyu da gurguwar gwiwa, don 'ya'yan mutanen da ba ka taɓa gani ba. Mai kunnen ƙarfe, ka yi aikinka a wurin da mai shi ba ya dubawa, kuma ka yi shi kamar za a duba. Mun gode. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa ka huta cikin lafiya, ya saka maka da mafificin alheri.

Ku direbobi, ramin ba zai tafi tare da shi ba, kuma abin da ya koyar ba shi da wuya. Ku wanke laka da taki tun ba su kwana ba. Kada ku shafa komai a kan datti ko danshi, kuma ku bar wa ruwa hanyar fita. Mu sauran, kowa yana da ɓangaren aikinsa da babu mai gani, ko a aji ne, ko a kanti, ko a ɗakin girki. A can ya kamata mu yi koyi da shi.

Motar tana nan tana aiki. An canza mata inji, an canza ƙofa, shasin kuwa shi ne dai na da. Yaran wancan lokaci sun gama sun wuce, yanzu ƙannensu ne a kan bencin. Ranar da Baba zai ajiye aiki, mun roƙi Yanzu-Yanzu ya biyo da su ta gareji kafin ya kawo su makaranta, su sauko su gaishe shi. Za su makara darasin farko, kuma babu malamin da zai yi musu faɗa.