Almakashin da Na Hana Kowa Taɓawa

Assalamu alaikum. Wata huɗu ban ce uffan a shafin nan ba, har wasu na tambaya ko na daina ɗinki. Ban daina ba, sanƙarau ne ya kwantar da ni.

Mu biyar ne a shagona a Gummi, amma ni kaɗai ke yanka. Shekara tara Bello yana kan keke a gefena, ban taɓa miƙa masa almakashi ba. Tsoro nake kada ya iya ya buɗe nasa shagon. Yau dai na faɗa.

Ana saura kwana goma ƙaramar Sallah zazzaɓi ya rufe ni, kai kamar zai tsage. Na ce zafi ne da azumi. Inna ta dube ni ta ce, "Aje almakashin ga ka tai asibiti."

Na ce in na tafi, wa zai yanka?

Kwana biyu ina jan jiki zuwa aiki. Shago ƙarami, taga ɗaya, da kofi ɗaya muke buɗa-baki.

Rana ta uku wuyana ya ƙi sunkuyawa. Bello ne ya rungume ni a bayan mashin har asibiti.

Aka ɗebi ruwa daga kashin bayana, aka ɗaura mini ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Hasken taga ma ciwo yake mini. Na tsorata ƙwarai, har na yi wa matata wasiyya. Ita kuwa keken ɗinki ɗaya ta sayar aka sayi magani.

Likita ya ce, "Duk wanda ya zauna da kai, a kawo shi yau." Sauran ukun da ke shagon aka ba su magani suka tsira. Bello kuwa zazzaɓi ya riga ya kama shi, aka kwantar da shi a gadon da ke kallon nawa. Ranar na yi kuka.

Shago ya rufe, mutane suka kwashe yadinsu. Ban ga laifinsu ba.

Alhamdu lillahi, duka mun tashi, sai dai kunnen Bello na hagu ya daina ji. Da na nemi gafararsa ya ce, "Ba komi, maigida, haka Allah ya so." Ni dai na san ta inda ciwon ya shigo masa.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan jinya da duk wanda ya yi mana addu'a.

Masu shago, ku ji ni. Mai zazzaɓi ya wuce asibiti, ko da shi ne maigida. Kowa da kofinsa, a buɗe taga, in an zo rigakafi a je. Kuma kada aiki ya zama mutum ɗaya ne ya iya shi.

Yanzu Bello ne ke yanka. In zan nuna masa wani abu, ta damansa nake tsayawa, don ta nan yake ji.