Ranar da Na Sa wa Kunun Zumunta Yaji

Shekarar da aka zo unguwarmu Makera a Kaduna da shirin koya wa mata sana'a, ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, ga ni da jika. Maigidana tun da masaƙar da yake aiki a Kakuri ta tsaya yake buga-buga, yau gadi gobe dako, ni kuma na gaji da zaman jiran abin da zai shigo da shi. Aka tara mu a harabar wata firamare, wani jami'i mai kati rataye a wuya ya ce kowace ta zaɓa, ɗinki ko sabulun ruwa.

Na ɗaga hannu. "Oga, a layinmu kusan kowane gida akwai mai sabulun ruwa. Wa zai saya? Sha za mu yi?"

Aka kwashe da dariya. Na ce mu injin markaɗe muke so, don kullum sai mun tsallaka babban titi da bokiti a ka. Ya ce inji aikin maza ne. Na ce waken da geron dai mu ke wankewa, ban taɓa ganin namiji a layin markaɗe ba. A ƙarshe suka ba mu, mu huɗu, da sharaɗi a takarda. Ni na karanta wa sauran da yatsa a kan layi: bayan wata uku zai dawo, in ya tarar babu masu kawo markaɗe, za a ɗauke injin a ba ƙungiyar samari.

Cikinmu wadda muka fi shaƙuwa ita ce Maman 'yan biyu, maƙwabciyata 'yar kudancin Kaduna, mai murya kamar lasifika. Wani dattijo da ya yi makanikanci a masaƙa, Baba muke ce masa, shi ya koya mana jan igiyar tayar da injin, da ɗaure bel, da matse faifan ƙarfen nan biyu masu murƙushe hatsi. Komai na ƙarfe ya koya mana. Amma Baba bai taɓa dama kunu ba a rayuwarsa, don haka akwai abin da bai faɗa ba.

Wata Juma'a da safe Maman 'yan biyu ta samo mana babban aiki. Zumuntar matan cocinsu za su karɓi baƙi daga cocin Mahuta da na Trikania, kunun zaƙi za a yi. Ta ajiye bahon jiƙaƙƙen gero da citta da dankali, ta wuce kasuwa. To kafin ita, wata Hajiya mai sayar da abinci ta riga ta kawo bokitin attaruhu, tana tsaye a kaina. "Ke, ni na fara zuwa, kada ki mayar da ni 'yar kallo." Na markaɗa mata. Na zuba bokitin ruwa guda a injin, na ga ya fito fari tas, na juye gero ina ta murna. Ashe 'ya'yan attaruhu na nan maƙale a bayan faifai.

Masu damawa sun ɗanɗana, sun ji zafi, suka ce ai cittar kudancin Kaduna ce, dama ba ta wasa.

Washegari da la'asar sai ga Maman 'yan biyu cikin ankon zumunta, ido ja, kofi a hannu.

"Ƙawata, sha."

"Lafiya?"

"Ki sha dai, na ce."

Na kurɓa. Sai da hawaye ya zubo mini.

"Haka matan Mahuta suka yi," in ji ta. "Mai ba da waƙa ta buɗe baki, tari ya fito. Matar fasto sai fifita harshe take da takardar shiri. Ke kin kashe ni!"

Muka yi dariya har na zauna a ƙasa. Amma dariyar ba ta kai Litinin ba. Magana ta zaga, masu koko da masu ƙosai suka koma tsallaken titi. Sai mu wuni ba mu ja igiya ba in ba don kayan miya ba, ga wa'adi saura 'yan makonni. Sauran biyun suka ce mu ce laifin inji ne. Na ce inji ba shi da hannu, ni na zuba.

Da ranar taron zumunta ta sake zagayowa na sa hijabina na bi Maman 'yan biyu har cikin coci. Na tsaya gabansu na ce, "Iyayena da 'yan'uwana, ni ce mai yajin nan. Ba citta ba ce, ba masu damawa ba ne. Ku yi haƙuri."

Shugabarsu, Mama zumunta, ta dube ni ta saman tabarau. "Au, ke ce? Mun gode, murar da nake fama da ita ta warke."

Wuri ya ɗauki shewa. Sai wata tsohuwa a bencin baya ta ɗaga sandarta. "'Yata, zo nan. A ƙauyenmu dutsen niƙa ɗaya ne a gida, kuma ba a taɓa yin wannan ba. Fari ake fara niƙawa, ja ya zo ƙarshe. Gero, sannan wake, sannan kayan miya. Ko sarauniya ce ta zo da barkono, ta jira. Kuma ruwa kaɗai ba wanki ba ne, ki buɗe ki sa hannu."

Na dawo na samu kwali na rubuta da gawayi, rubutuna karkatacce amma yana karantuwa: FARI KAFIN JA. Na sa Baba ya nuna mini kwance kan injin, kullum in mun tashi sai na fito da faifan na goge da burushi a bakin ƙofa, inda kowa ke gani. Hajiya ta zo da sassafe ta ce ita ta fara zuwa. Na ce, "Hajiya, ko jiya kika zo, ja ne a hannunki. Ga benci." Ta ce ban da kunya. Ta zauna.

Matan zumunta su suka fara dawowa, da bokitansu da tsiyarsu. "Mai yaji, yau da attaruhu ko babu?" Masu koko suka ga haka suka biyo baya.

Da jami'in ya dawo, bokitai ya tarar a jere har bakin kwata. Ya yi ta nuni da hannu in kashe injin ya yi magana. Na ce masa da ƙarfi wake ne a ciki, in na tsaya ƙullun zai lalace, ya jira. Ya jira kuwa. Ya jingina takardar bar mana injin a bango ya sa hannu, ya miƙo mini ta saman bel, ƙullu ya fallatsa masa a hannun riga. Na soke ta a zani na ce ta gaba ta matso.