Fiton Baban Ngozi

Hannunta na fara gani, riƙe da kwalba kamar mai riƙe da jariri. Lokacin ina aikin ɗakin gwaji a wata makaranta a nan Gombe, ita kuma Ngozi ɗaliba ce, haifaffiyar unguwar Dawaki, Hausarta ta fi tawa daɗi. Ni da na tashi da littattafan soyayya, a ranar na gama tsara mana rayuwa a zuciyata, ban taɓa faɗa mata ba.

Ku yarda ko kar ku yarda, wallahi da kunnena na ji abin da zan ba ku labari.

Bincikenta a kan ƙwaƙwalwar masu cin nama ne, kare da kyanwa da dila, tana gwada wani ɗan ƙulli da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, sunansa talamus. Ta ce, "Malam, duk abin da dabba ta gani ko ta ji, ta nan yake bi, ƙamshi ne kawai ke da tasa hanyar." Na ce to Likita, ƙamshin turarenki fa? Ta harare ni.

Na kyanwa da na dila mun yanka su siriri-siriri lafiya lau. Na karen kuwa na gidansu ne. Babanta makanike ne, da ya rasu karen ya daina cin abinci har ya bi shi, ita ce ta ajiye ƙwaƙwalwar a kwalbar nan.

Da rana tsaka, muna jin ƙarar acaɓa a waje, na ɗora wuƙar injin yanka a kan ƙullin karen na ja, sai muka ji fito, gajere, mai lanƙwasa a ƙarshe. Na leƙa taga, ba kowa. Na juyo na ga ta dafe tebur.

"Papa ne, babana. Haka yake kiran karen in ya dawo daga gareji."

Innalillahi! Ta ce in sake, na sake, fiton ya sake zuwa. Tana kuka tana cewa in ƙara, ni kuma ba na iya ce mata a'a, ƙullin yana ta raguwa, sai da ya rage kamar ƙwayar dawa ta riƙe hannuna. Sau ɗayan da ta taɓa ni ke nan.

Malaminta ya ce in ba a gama yankan ba babu digiri. Ta mayar da ragowar cikin kwalbarta, ta ɗauka ta tafi.

Shawarata, muryar da kuke so ku saurare ta tun mai ita yana raye.

Bara na gan ta a unguwar Nasarawo tana sayar da kayan shayi, furfura ta fito mata, kwalbar tana kan kantar shagon a bayan gwangwanayen madara. Na tambaye ta ko ta yanka. Ta girgiza kai.

"In na yanka, sau ɗaya zan ji shi, shi ke nan. In ban yanka ba, yana nan."