Injin Hajiya Asiya da Tunkiyar Inna Asama'u

Mati ya tashi ne a bakin fadama, a wani ƙauye tsakanin Ungogo da Ɗambatta. Bai yi nisa a boko ba, amma tun yana saurayi in injin ban ruwa ya ƙi tashi, shi ake aika wa. Da fetur ya yi tsadar da ya yi, masu lambu suka jingine injinansu a zaure, shi kuma ya koma gyaran duk abin da ya samu: fanka, dutsen guga, famfo. Mutum ne mai sanyin hali, sai dai ba ya son a ce wani aiki ya fi ƙarfinsa.

A shekarar da gero ya gagari talaka aka kira shi gidan Hajiya Asiya, cikin sababbin gidajen da suka cinye gonakin gefen Ungogo. Ɗanta ne ya aiko mata da injin wanke kwanuka. Bai daɗe da fara aiki ba ya daina jan ruwa. In an kunna sai ya yi ta gurnani, cikinsa a bushe.

A bakin famfon tsakar gida Mati ya tarar da Inna Asama'u, aminiyar marigayiya mahaifiyarsa Hure, wadda ke wanke-wanken gidan. Ya san yadda take yi. Kafin sabulu ya taɓa kwano sai ta ɗauraye shi da ruwa zalla, ta tara ruwan a bokiti tare da ƙanzo da guntun tuwo, ta ɗauka a ka har ƙauye. Da shi take kiwon tunkiyarta tun da dusa ta koma abincin mutane.

"Ɗan Hure, kai aka kira wa magajiyar tawa?" in ji ta tana dariya, tana nufin injin. "Lallaɓa ta, 'yar birni ce."

Ya duba tanki, akwai ruwa. Famfon bango a buɗe yake, tiyo bai lanƙwashe ba. Da ya kwance tiyon daga bayan injin, sai ga 'yar rariyar da ke bakin mashigar ruwa ta toshe da yashin rijiyar burtsatse. Ya rufe ta da babban yatsa. Ta taga yana hango Inna a sunkuye tana kankare tukunya. Har ya shirya abin da zai faɗa: wani ƙarfe ne ya mutu, sai an nemo daga Legas.

Sai Hajiya ta leƙo, ta ce kada ya wahalar da kansa, dama an gaya mata wannan ba irin injin fadama ba ne, gobe za ta sa a kira wani daga Sabon Gari.

"Yashi ne kawai, Hajiya," in ji Mati, kafin ma ya yi tunani.

Inna ce ta miƙo masa tsohon buroshi ya wanke rariyar. Aka kunna, ruwa ya shiga yana shuu, ta sa masa albarka.

Hajiya ba ta kore ta ba. Ta ce ta riƙa zuwa ranar Juma'a don manyan tukwane, abinci kuwa ta aiko a karɓa kullum. Inna ta yi godiya, ba ta taɓa aikawa ba. Mati ya sha gaya wa kansa cewa ko bai gyara ba, na Sabon Gari zai gyara. Gaskiya ne, amma ya san ba wannan ya buɗe masa baki ba. Ya daina bi ta ƙofar gidan Inna.

Ana gab da faɗuwar damina, wata safiyar kasuwa, ta yi masa sallama riƙe da tunkiyar, haƙarƙarinta duk a fili. Ta ce mace ba ta shiga kara, inda ake cinikin dabbobi, ya taimaka ya kai mata ita Ɗambatta. Ya ce ta ɗan dakata, zai nemo dusa. Ta tambaye shi ko daga bakin 'ya'yansa zai ciro.

"Kai na yarda da kai, ɗan nan. Duk abin da ka taɓa sai ya yi kyau."

Ya kasa ɗaga ido. Ya ɗaure ƙafafun tunkiyar, ya ɗora ta a gaban babur. Inna ta shafa mata wuya.

"In akwai mai kiwo, kada ka ba mahauci."

Ya ce to. A wannan shekarar babu mai sayen bakin da zai ciyar, kuma su duka biyun sun sani.