Mai Begila Ya Tafi da Maganar

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Kofur Mai Begila. 'Yarsa ce ta aiko mini. Na Allah muke, wurinsa za mu koma. Na yi masa addu'a, sannan na zauna ina jin haushinsa. Ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba.

Kofur, shekara ashirin da biyu muna bariki, bango ɗaya tsakanin ɗakinka da namu. Kai ne mai busa begila, ƙahon tashin sojoji da asuba. Maigidana Saje, Allah ya jiƙansa, nauyin barci gare shi. In kira shi sau biyar, in janye bargo, in yayyafa masa ruwa, sai ya juya mini ƙeya. Kai kuwa ka hura ƙarfen nan sau ɗaya daga filin fareti, sai ga shi tsaye yana lalubar takalmi. Shayin da na dafa ni ke shanye shi da sanyinsa.

Busan nan ku kuna ce masa rabali. Mu matan layi mun ce ai sunan ya faɗi aikinsa: raba mace da mijinta. Ranar da na gaya maka haka a bakin famfo, dariya ka yi har ka ajiye bokiti. Ka ce, "Matar Saje, ba Hausa ba ce. Turawan da suka kawo ta ma a wurin Faransawa suka aro. Ma'anarta, ku farka." Na ce, "To ni da nake farkawa kafin kai, wa ya ba ni igiyar muƙami ko ɗaya?"

Alherinka ba na musunsa. Da aka tura Saje bakin daga wata goma sha huɗu, kai ka goya autana zuwa asibiti yana suma. Kai ka gyara mana ƙofa da ta ɓalle. Kai kake karanta mini wasiƙunsa, tunda karatuna bai kai ba. Ba ka taɓa tsallake layi ba, har inda zai ce a gaishe ni a layi biyu, sauran takardar duk hirarku ce.

Ciwon ajalin Saje, kwana uku ina gefen gadon asibiti, ina kiransa, ko ido bai buɗe ba. Ka shigo da rana, ka sunkuya, ka yi masa fiton rabali a hankali a kunne. Ya buɗe ido. Ya dube ni ya ce, "Ba mu wuri." Na fita da kofin ruwa a hannu. Ta gilashin ƙofa ina ganin bakinsa na motsi, kana gyaɗa kai. Bai sake magana da kowa ba.

Shekara tara ina tambayarka me ya ce. Ka ce maganar soja ce. Wata rana ka ce sai na huce. Watan jiya na je duba ka, ɗakin cike da surukai, na ji nauyin tambaya. Na ce sai ka warke.

Shekara arba'in na yi da mutumin nan, kalma uku na samu a ƙarshe. Sauran kai ka kwashe, ga shi ka riga ni zuwa inda yake.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka farka cikin rahama. Na yafe maka asubahin da ka ƙwace mini. Ɗayar kuwa, maganar da ka tafi da ita, ina ƙoƙari.

Ina yi wa 'ya'yanka da jikokinka gaisuwa, Allah ya ba ku haƙuri. Ke kuma matar Kofur, ƙanwata, Allah ya ba ki dangana. Na san ba ya ɓoye miki komai. In kin gama takaba ki zo. In Saje ya ambace ni, ki gaya mini. In bai ambace ni ba, ki sha shayi mu yi hirar jikoki.