Shayin Inna a Ƙoƙo Ɗaya

Jiya jikata ta dafa shayi da kanumfari, ƙamshin ya mai da ni Furfuri, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba.

Ran Babbar Sallah kaɗai kakarmu Inna ke dafa shi, da ganyen da take saya wurin Buzaye. In an gama cin tuwo, sai ta zuba a ƙoƙo ɗaya ya zagaya kowa.

Wata shekara Baba da ƙanensa suna gaba kan gona. Ta riƙe ƙoƙon, ta ce, "Ku gaisa, manyan banza, ko ya huce a hannuna." Suka gaisa, suka sha.

Da ta rasu aka raba gandu, Baffa, ƙanen Baba, ya koma Tsafe. Har suka mutu ba su ƙara cin tuwo tare ba.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haɗa miki 'ya'yanki a Aljanna.