Na Ce wa Likita Lafiya Lau Yake Barci

A shekarun da nake magana a kai, ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, ina ɗinki a gida a Kurmin Sarki. Maigidana ma'aikaci ne a Abuja, da asuba yake fita a motarsa, sai magariba ya dawo. Mutum ne mai jiki, yana minshari irin wanda yara ke kwaikwaya suna dariya. Shi ma yakan taya su, ya ce janareta ce Allah ya ba gidan kyauta. Abin da ni kaɗai na sani shi ne, a tsakiyar minsharin yakan yi tsit, ƙirjinsa na motsi amma iska ba ta shiga, sai na taɓa shi ya zabura kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Da safe ya ce bai san an yi ba. Na ɗauka gajiyar hanya ce.

Da ciwon kai da gyangyaɗi suka matsa masa, yayansa ya raka mu asibiti. Likita ya auna jininsa, ya auna har kaurin wuyansa, sannan ya juyo gare ni, ya tambaye ni ko numfashinsa yana ɗaukewa idan yana barci. Yaya yana zaune kusa da ni. Shekara goma sha huɗu ban taɓa kiran sunan mijina a gabansa ba, balle in faɗi yadda yake kwana. Na sunkuyar da kai na ce lafiya lau yake barci. Yaya ya ce da ma ya faɗa, aiki ne ya yi masa yawa. Aka rubuta maganin hawan jini. A hanya maigida yana ta tsokanata, wai na rufa masa asiri.

Bayan wata biyar, da rana tsaka, motarsa ta sauka daga titi kusa da Diko. Direban da ke bayansa ya ce bai ga alamar ya taka birki ba. Allah ya karɓi abinsa a wurin.

Sai da na fita takaba na ba ƙanwata labarin, ita tana karatun jinya. Ta ce ciwo ne sananne, maƙogwaro ke toshewa a cikin barci, kuma akwai na'urar da ake kwana da ita don a gano shi. Ta nuna mini a wayarta rubuce-rubucen masana na ƙasashen waje, shafi bayan shafi, ta ce da wuya ka ga namu a ciki. Na kasa gane yadda duniya ta yi ta rubutu a kan abin da ke faruwa a gefena, ni ban taɓa jin sunansa ba. Ta ce kafin a kai ga na'ura, wanda ke kwana kusa da mutum ake fara tambaya.

Har yau ban sani ba ko barci ne ya ɗauke shi, ko wani abu dabam. Na yarda ajali ne. Amma an tambaye ni, kuma na san amsar. 'Yan'uwana mata, idan kunya ta hana ku magana a gaban manya, ku roƙi likita ya gan ku ku kaɗai. Ni tunanin haka bai zo mini ba sai da ɗakinmu ya yi shiru, babu sauran minsharinsa.